Littafin lawashi, daga hunturu zuwa damina

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na gama wanke firiza. Kwanakin nan da Arewa ta yi cikin duhu, fiye da mako guda babu ko ƙyallin wuta, sun taɓa duk abin da na tara a ciki. Naman na samu na soye shi tun rana ta biyu aka ci, markaɗen tumatir kuma na tafasa na raba wa maƙwabta. Abin da na manta da shi a can ƙasa shi ne ledoji huɗu na lawashi da na yanka na ƙulle tun farkon Oktoba. Da na ɗago su duk sun narke sun koma koren ruwa mai yauƙi, warin kuwa sai da na haɗa da toka da lemon tsami kafin ya bar firizar.

Wani zai ce ai lawashi ne kawai, ganyen da mai albasa kan ba da gyara. A gidan nan ba haka yake ba. Dambu ba ya sauka sai da shi, fate ma haka, na tsaki ne ko na wake. Wainar ƙwan yara ta safe, awara, kwaɗon zogale, alale, duk sai an barbaɗa. Maigida kuma ɗanyar albasa tana tayar masa da ƙwannafi, amma ganyenta ba ya yi masa komai, don haka shekara da shekaru lawashi nake sa masa a kwaɗo. Aibinsa ɗaya ne, ba ya jira. Ka sayo shi da safe yana tsaye ƙyam, gobe da yamma ya kwanta, jibi ya fara rawaya.

Na ɗauko ragowar littafin rubutun 'yata na aji uku, a ciki zan riƙa rubuta abin da na gwada da abin da idona ya gani. Abin da nake nema: daga yanzu har damina ta yi tsaka, kada a rasa lawashi a gidan nan, kuma ba tare da na dogara da wutar lantarki ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na sammaka kasuwar Yankaba, a nan Kano. Dattijon da nake sayen kayan miya a wurinsa ya ga na ɗebi ɗauri huɗu maimakon ɗaya, ya ce, "Hajiya, suna ake yi ne?" Na ce, "A'a Baba, gwaji zan yi, so nake in ga yadda zai daɗe bai lalace ba." Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya karɓi ɗaurin, ya zare biyu ya musanya mini da wasu.

Ya nuna mini dalili. Ganyen albasa rami ne da shi a ciki kamar bututu. Idan an datse kansa ko ya karye, ruwa yana shiga ya kwanta, ruɓa ta faro daga ciki tun kafin a gan ta a waje. Wanda za a ajiye, a zaɓi mai cikakken ganye, wuyansa da tauri, saiwarsa fara tas ba ta bushe ba. Na ce masa, "To Baba, ai ku kullum kuna yayyafa masa ruwa." Ya ce, "Mu yau za mu sayar, Hajiya. Wanda zai kwana kada ki wanke shi, ki bar shi da ƙasarsa sai za ki yanka."

Na raba su haka. Ɗaya na bar shi a kwandon kayan miya kamar yadda na saba. Ɗaya na ƙulle a leda. Ɗaya na naɗe a tsumma mai ɗan danshi na sa a gindin randa. Na ƙarshe na tsayar da shi a kofin silba da ruwa kaɗan, iya wanda zai rufe saiwa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na kwando iskar hunturu ta gama da shi a kwana biyu. Bai ruɓe ba, yaushi ya yi ya koma kamar igiya. Na leda shi ya fi muni: ya yi gumi, jiya da na kwance yauƙi ya riga ya kama wuyansa. Na tsumma har yau yana nan da ƙarfinsa, ganye biyu kawai na cire. Na kofi ya ba ni mamaki, domin ban da tsayuwa har sabon ganye ya turo daga tsakiya, sai dai bakin ganyen na waje ya bushe, ruwan kuma in ban canza kullum ba yana wari.

Ke nan abu biyu ke kashe shi, kuma kishiyoyin juna ne: bushewa da jiƙewa. Yana son danshi a kewayensa, ba ya son ruwa a jikinsa. Tsumma ya ba shi hakan, leda ta hana shi numfashi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Tunda gindin randa ya yi aiki, na ce bari in matsa gaba. Na sayo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, waɗanda ba a shafa musu komai ba. Na zuba yashi a gindin babbar, na ɗora ƙaramar a ciki, na cike tsakaninsu da yashi, na jiƙa shi sharkaf, na rufe baki da jiƙaƙƙen buhun algarara. Na ajiye a zaure, inda iska ke ratsawa kuma rana ba ta shiga.

Wannan ba dabarata ba ce. Wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, shi ya yaɗa ta a ƙauyukan jihar, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Aikinta iri ɗaya ne da na randa da tulu: ruwan da ke cikin yashi yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska ta ɗauke shi, yana tashi yana tafiya da zafin ciki. Yadda gumi ke sanyaya jiki in iska ta kaɗa. Shi ya sa ba a so a jingina ta da bango ko a cusa ta a lungu. Abin takaici ne a ce an yaba wa dabarar nan a ƙasashen waje fiye da shekara ashirin da suka wuce, amma a unguwarmu da na tambayi mata biyar, ɗaya ce kawai ta taɓa jin labarinta.

Na sa ɗauri biyu a ciki, kowanne a naɗe cikin busasshen tsumma, saiwa tana kallon ƙasa. Na ƙara da tattasai da karas don in ga yadda za su yi.

Talata, 3 ga Disamba

Kwana goma cif. Yau na yanka na ƙarshe a kan dambun shinkafa, kuma har yanzu yana ƙara a ƙarƙashin wuƙa. Kowace safiya da kowace yamma ina ƙara wa yashin ruwa, kofi biyu-biyu. Duk bayan kwana biyu ina buɗe tsumman in zare ganyen da ya fara rawaya, domin ɗaya in ya lalace sai ya shafa wa na kusa da shi.

A kwanakin nan da lawashi ya wadata na lura da abin da da ba na kulawa da shi. Ashe abu biyu nake saye a ɗauri ɗaya. Farin nan na ƙasa, daga saiwa zuwa inda ganye ya rabu, albasa ne sosai: yana jure wuta, yana son mai, da shi ya kamata a fara suya. Koren kuwa ba ya son wuta ko kaɗan. Da nakan zuba duka tare tun farko, shi ya sa a fate yake komawa baƙi-baƙi ƙamshinsa ya gudu. Yanzu a faten tsaki ina soya farin da attaruhu da daddawa, koren sai na sauke tukunya nake watsawa in rufe, tururi kaɗai ya ishe shi. A dambu kuwa sai a turarawa ta biyu, tare da zogale. Yaran ma sun ji bambanci, babban ya tambaye ni ko na canza mai sayar mini da kaya.

Wani abu kuma, wuƙa. In ba ta da kaifi murje ganyen take yi, ruwansa ya fita a kan katako, ya yi yauƙi. Na wasa tawa. Kuma ba na yankawa sai tukunya na kan wuta, domin ƙamshin albasa da zarar an yanka yake fara fita, wanda aka yanka tun safe ya riga ya ba iska rabonsa.

Juma'a, 20 ga Disamba

Albasa ta yi tsada sosai a kasuwa, sabuwa ba ta fito ba, tsohuwa ta ƙare. Lokacin da ya dace ke nan da gwajin shuka.

Tun ranar 5 ga wata nake ajiye gindin duk lawashin da na yanka, in bar masa kamar tsawon gaɓar yatsa biyu tare da saiwa. Goma na jera a kofuna da ruwa a kan taga. Goma sha biyu na dasa a tsohuwar robar wanki da na huda wa gindi, na cika da ƙasa da aka gauraya da yashi da busasshen kashin tumaki. Na ƙara da albasa uku da suka yi tsiro a kwando, waɗanda da zubarwa zan yi.

Na ruwa sun fi sauri, cikin mako guda sun kai tsawon hannun yaro. Amma da na yanka na ɗanɗana, salam. Kore ne shar, sai dai babu yaji, babu ƙamshi, a yanka na biyu kuma ganyen ya sirance kamar tsintsiya. Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, to wadda aka raina a kofi halin ruwa take yi. Dalilin kuwa a fili yake: yajin albasa da ƙamshinta daga sinadarai masu farar wuta suke, kuma daga ƙasa saiwa ke zuƙo ita. Ruwan famfo ba shi da abin da zai ba ta, abin da ya rage a gindin kawai take ci har ya ƙare.

Na ƙasa sun yi nawa, amma ganyensu ya fi kauri da duhu, ka matsa ka ji albasa. Albasa ukun nan masu tsiro su suka fi kowa, kowace ta turo ganye bakwai ko takwas, domin tana da abinci a cikinta. Na daina na kofi, sai dai a matsayin ajiyar kwana biyu.

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Kaji sun hau robar sun tone rabi. Na ɗora ta a kan bulo huɗu na kewaye da tsohon gidan sauro. Kwana uku babu lawashi a gida, Laraba zuwa Juma'a, domin na dogara da shukar ban sayo ba. Na rubuta don kada in manta: roba ɗaya ba za ta riƙe gida mai mutum bakwai ba, ƙari ce kawai.

Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari da ke ɓuya a tsakanin ganye, suna barin fararen zane-zane kamar an goga azurfa. Ina wanke su da ruwa da yamma, ina barbaɗa toka a gindi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Gwaggo ta zo daga Illela ganin likitan ido, za ta yi mako biyu a wurinmu. Jiya ta same ni a tsakar gida ina baza yankakken lawashi a faifai, ga tukwane a zaure, ga roba a kan bulo. Ta tsaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ɗiyata, wagga wahala duka don lawashi? Ba ki san gabu ba?"

Na san sunan. Na tuna ina yarinya in mun je hutu, akwai wasu baƙaƙen dunƙule a ƙwarya a ɗakin kakarmu, kusa da daddawa. Amma ban taɓa ganin yadda ake yi ba, kuma tunda na yi aure a Kano ban taɓa sa shi a miya ba. Gwaggo ta ce a wajensu, daga Illela a tsallaka Konni har a kai Galmi, inda ake noman jar albasar nan da ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, ba a barin ganye ya lalace a gona. Lokacin cirar albasa mata ke kwasarsa su daka. Ta ce a kasuwanninsu da kwano ake auna shi, Zabarmawa ma suna ji da shi ƙwarai.

Yanzu ne lokacinsa, albasar rani ta fara shigowa daga fadamu da wuraren noman rani irin su Kura, lawashi ya yi araha. Na aiki babban yarona ya ɗauko dami guda a Keke. Ga yadda muka yi, na rubuta daki-daki domin Gwaggo ba za ta dawwama a nan ba.

Da yamma muka zauna muka tsince, duk ganyen da ya yi rawaya ko ya yi tabo muka ware. Farin gindin ta ce a cire, a ci shi ɗanye, koren kaɗai ake so. Muka wanke sau biyu saboda ƙasa, muka baza a tabarma ya kwana, ruwan ya tsane ya ɗan yi laushi. Ta ce wanda aka daka da ruwa a jikinsa tsami yake yi kafin ya bushe. Da safe muka yanka manya-manya, muka zuba a turmi. Dakan ba na lilis ba ne, ana so ganyen ya mutu ya haɗe jikinsa ne kawai, yauƙinsa ya fito, domin shi ne zai riƙe dunƙulen. Idanuna sun sha hawaye, ita kuwa ko a jikinta.

Sai dunƙulawa. Na fara yin manya kamar ƙwallon fura, ta karɓe ta raba biyu. Ta ce kada ya wuce lemon tsami, kuma a danna tsakiyarsa da babban yatsa, in ba haka ba waje ya bushe ciki ya ruɓe. Muka jera a kan sabuwar tabarma a saman ɗaki inda rana ke dukansa tun daga hantsi, muka rufe da mayafi marar kauri saboda ƙura da ƙuda. Dami guda da yaro ya sha wahalar shigowa da shi ya koma dunƙule 64.

Muna aiki tana ba ni labarin yadda kakarmu ke haɗa gabun shekara guda a mako ɗaya, ita da kishiyoyinta, a raba kowa ta kai ɗakinta. Na ji wani iri a raina, ganin cewa tsakanina da wannan sanin tsara ɗaya ce kawai, amma saura kaɗan ya wuce ni.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kwana shida. Kullum da azahar ina juya su, da magariba in shigo da su saboda raɓa. Sun ƙanƙance sun koma kamar goro, launinsu tsakanin kore mai duhu da baƙi. Ba abin mamaki ba ne, ganyen albasa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Gwaggo ta fasa ɗaya ta shinshina tsakiyarsa, ta murza a tafin hannu, ta ce ya yi.

Da daddare ta nuna mini sauran rabin aikin. Ba a jefa gabu a miya haka nan. Ta ɗora kasko babu mai, ta farfasa guda biyu a ciki tana juyawa a wuta kaɗan har ƙamshi ya tashi ya cika gidan, ta sauke kafin ya ƙone, domin in ya ƙone ɗaci yake yi. Ta daka shi tare da daddawa da barkono, aka kaɗa miyar kuka da shi. Maigida ya ci ya yi shiru, can ya ce rabonsa da irin wannan miya tun rasuwar mahaifiyarsa.

Gaskiyar da zan rubuta ita ce gabu ba lawashi ba ne. Ba zai yi a wainar ƙwai ba, ba zai yi a kwaɗo ba. Wani abu ne daban, ƙamshinsa mai nauyi, ya fi kusa da daddawa fiye da ɗanyen ganye. Wurinsa miyar kuka, busasshiyar kuɓewa, miyar wake, da dafa-duka.

Shi kuma wanda na yanka ƙanana na shanya a faifai, rabi a rana rabi a inuwa: na rana ya koɗe ya koma kamar ciyawa, ƙamshi kaɗan ya rage. Na inuwa ya riƙe korensa, kwana huɗu ya bushe ƙarau saboda iskar hunturu. Wannan shi ya fi kusa da ɗanye, in an watsa a fate ko a ƙullun alale yana dawowa. Na zuba shi a kwalba biyu, gabun a kwalba uku, duk masu murfin ƙarfe.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi na goma. Da 1 ga wata muka ɗauka, kuma tun daga ranar lawashi ke tafiya ninki biyu: ƙosai, faten dankali, wainar ƙwai, miyar sahur. A ƙullun ƙosai na gano gara a yanka shi siriri a zuba bayan an gama bugawa, in an markaɗa shi tare da wake ƙullun yana sakewa ya sha mai.

Na yi niyyar wata dabara, in yanka ɗanye in cika kwalba in zuba man gyaɗa a kai ya rufe shi, in riƙa ɗiba. Allah ya sa na faɗa wa ƙanwata, wadda ta karanta kimiyyar abinci. Ta ce, "Yaya, don Allah kada ki yi." Ta bayyana mini cewa akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa, Clostridium botulinum, wadda ke bunƙasa a inda babu iska. Ɗanyar albasa ko tafarnuwa a cikin mai, a ɗaki mai ɗumi, daidai irin wurin da take so ke nan. Gubar da take fitarwa tana shanye jiki, kuma sau da yawa ba a jin wari ko canjin ɗanɗano da zai sa a gane. Na fasa. Abin da nake yi yanzu shi ne in soya lawashin a mai har ruwansa ya ƙone ƙarau, in tace, in yi amfani da man cikin kwana biyu ko uku. A kan ɗan wake ko wake da shinkafa, man nan ba a magana.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafi ya kai intaha. Yashin tukunya sau uku nake jiƙawa yanzu, in na makara da na azahar zuwa la'asar ya bushe. Duk da haka in ka sa hannu a ciki sai ka ji sanyi, lawashi yana kai mako guda. A kwando ko yini ba ya yi.

Shukar roba ta gaji. Na yanke ta sau huɗu, na ƙarshen ganyen ya yi tauri. Biyu daga cikin albasa ukun nan sun fitar da dogon kara mai kumburi a tsakiya, da farin fure dunƙule a kansa kamar tafin yaro. Na so in datse, sai na tuna manoma ma haka suke samun iri, albasa suke dasawa su bar ta ta yi fure. Na ƙyale su. Ƙudan zuma na zuwa da safe.

Lahadi, 8 ga Yuni

Shekaranjiya Juma'a aka yi Babbar Sallah. Na sa gabu a farfesun kayan ciki da romon kai, matan da suka zo gaisuwa biyu sun tambaye ni me na sa. Na ba kowace dunƙule biyar, na gaya musu yadda za su gasa.

Furen ya bushe tun tsakiyar Mayu, na yanke kawunan na sa a takarda, na murje. Iri baƙi ƙirin, ƙanana masu kusurwa, ya kai cokalin shayi biyu. Irin albasa ba ya daɗewa, bayan shekara ƙarfinsa yana raguwa sosai, don haka bana zan shuka shi.

Tukunya ta fara ja baya. Tun da aka yi ruwa biyu iska ta yi nauyi, yashin ba ya bushewa, cikin kuma ba ya sanyi kamar da. Haka ya kamata ya zama, tunda sai ruwa ya tashi sannan zafi zai tafi, iskar damina kuwa ta ƙoshi da ruwa ba ta karɓar wani. Ɗaurin da na sa ranar Talata ya fara yauƙi a kwana huɗu.

Talata, 15 ga Yuli

Na kwashe yashin na wanke tukwanen na kife su sai Oktoba. Yanzu ɗauri ɗaya nake saye duk bayan kwana biyu, in tsayar da shi a kofi a bakin taga, ranar da babu kuma in ɗebi busasshen na inuwa. Saura rabin kwalba.

Jiya na buɗe kwalbar gabun da nake ɗiba kullum na tarar da farin hunhuna a jikin guda shida na ƙasa. Na zubar da kwalbar gaba ɗaya, ban tsaya kankarewa ba. Sauran biyun da ban taɓa buɗewa ba tun Fabrairu lafiya lau suke. Buɗewar kullum ce ta shigar da laimar damina, wataƙila har da tururin tukunya, domin kusa da murhu nake ajiye ta. Na kira Gwaggo, ta ce su a damina sukan gasa na mako guda su daka su sa a ƙaramin gwangwani, babban mazubin kuma ba a taɓa shi sai ranar da rana ta fito sosai. Haka na yi yau: na gasa takwas, na daka, sauran na mayar can saman kanta nesa da wuta. Saura dunƙule 27. In na yi tattali za su kai ni sabuwar albasa.

Daga 2 ga Nuwamba zuwa yau, kwana ukun nan na Janairu ne kaɗai aka dafa abinci a gidan nan babu lawashi ko gabu.

Irin da na tara na shuka rabinsa ranar 4 ga wata, a roba biyu da sabuwar ƙasa, a ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba zai dake su kai tsaye ba. Sun fito kamar allurai, kowanne a lanƙwashe da baƙin ƙwanson iri a kansa. Na ƙirga 41 a ɗaya, ɗayar ta fi cunkoso ban iya ƙirgawa ba. Ranar Asabar zan rage ta, in dasa waɗanda na cire a tsohuwar robar, in ga ko za su jure ruwan Agusta.